Na je bakin teku lokacin ƙaurar tsuntsaye ban ga komai ba: ina matsalar take?

Tambaya: "Na fara sha'awar kallon tsuntsaye, har na sayi madubin hangen nesa. An ce min lokacin kaka tsuntsayen ƙasashen arewa ke yin ƙaura zuwa kudu, kuma babu wurin kallo kamar bakin teku. A watan Satumba na je wani rairayin bakin teku da tsakar rana, na yi ta yawo har na gaji, ban ga komai ba sai 'yan fararen tsuntsayen nan da ke tsintar abin da mutane suka yar. Lokaci na kuskure ko wuri? Kuma dole sai na sayi babban madubin nan mai ƙafa uku?"

Amsa:

Malam, watan da ka zaɓa ba shi da laifi. Satumba tsakiyar harkar ce. Sai dai tsuntsaye ba sa wucewa daidai wa daida kowace rana daga Agusta zuwa Nuwamba. Akan yi kwanaki shiru kamar an share sama, sannan wata safiya a wayi gari ko'ina ya cika. Waɗanda suka daɗe a wannan harka, wata kaɗai suke dubawa a kalanda. Ranar fita da sa'ar fita kuwa hasashen iska ne da jadawalin cikar teku suke zaɓa musu. Kai kuma ka je da tsakar rana, a miƙaƙƙen rairayi inda mutane ke wanka, wanda shi ne wuri mafi rashin albarka a duk gaɓar.

Mu fara da wurin. Yawancin tsuntsayen tudu ba sa son ƙetare ruwa mai faɗi, domin in gajiya ta kama su a tsakiya babu wurin sauka. Don haka in suka taho daga arewa suka ci karo da teku, sai su karkata su bi gaɓa, suna jinkirta ƙetarawa har sai ƙasa ta ƙare musu. Inda ƙasa ta tsuke ta yi tsini ta kutsa cikin teku, nan take tara su kamar mazurari. Yawancin wuraren da suka yi suna a duniya haka siffarsu take. Falsterbo ita ce ƙarshen kudu maso yammacin Suwidin, kuma tun 1973 ake ƙirga masu wucewa a can bisa tsari guda kowace kaka. Cape May tsinin kudancin jihar New Jersey ne a Amurka. Tarifa tana kudancin Sifaniya, inda mashigin Jibralta ya rage kusan kilomita 14 kacal tsakanin Turai da Maroko. A Batumi ta ƙasar Jojiya, Bahar Aswad na gefe guda, duwatsu na ɗaya gefen, sai ɗan zirin ƙasa a tsakani, kuma ta wannan ziri shaho da gaggafa sama da miliyan 1 ke bi kowace kaka. A Veracruz ta Meziko adadin ya haura miliyan 4. Ba lallai sai ka je ɗaya daga cikinsu ba. Buɗe taswirar gaɓar da kake iya kaiwa, ka nemi tsinin ƙasa, ko ƙaramin tsibiri kusa da gaɓa, ko bakin kogi inda yake zuba cikin teku ya bar taɓo, ko tafkin da ake haƙar gishiri. Da yawa daga aikin a kan taswira ake gama shi tun kafin a bar gida.

Abu na gaba shi ne ka san wane irin tsuntsu ka fita nema, domin ƙaura huɗu ce ke gudana a gaɓa guda, kuma kowacce da sa'arta da iskar da take so.

Manyan tsuntsaye masu shawagi, wato shirwa, gaggafa, ungulu, farar shamuwa da kwasakwasa, ba sa yawan kaɗa fiffike. Jira suke rana ta dumama ƙasa, iskar zafi ta fara tashi sama, su hau kanta suna kewayawa har su yi nisa, sannan su zuro gaba zuwa ta gaba. Teku ba ta ba da irin wannan iska sosai, shi ya sa suke neman mashigi mafi ƙanƙanta. Su ba 'yan sammako ba ne. Da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa goma, suke fara tashi, kuma lokacin ne suke ƙasa-ƙasa har ka ga zanen fiffikensu. In rana ta take sun zama ɗigo-ɗigo a can ƙololuwa. Kowane jinsi kuma da makonninsa. A Jibralta shirwa da farar shamuwa ke buɗe fage tun ƙarshen Yuli zuwa Agusta, shahon nan mai tone gidan rina ya biyo baya a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, ƙananan gaggafa su cika sama a tsakiyar Satumba zuwa ƙarshensa, manyan ungulaye kuma sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Wanda ya je neman shirwa a Oktoba ya makara, ko da iska ta yi masa kyau.

Ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari labarinsu daban ne, kuma nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa. Yawancinsu da dare suke tafiya. Suna tashi jim kaɗan bayan faɗuwar rana, su kwana a sama, su sauka da asuba. In dare ya yi garau, taurari a fili, iska kuma tana tura su daga baya, to sun wuce ta saman kanka kana barci, da safe ba za ka ga ko ɗaya ba. Ranar da ta yi wa tsuntsu daɗi ita ce ranar da mai kallo ke komawa gida hannu rabbana. Abin da ke sauko da su shi ne su taso cikin yanayi mai kyau, sannan kafin gari ya waye su ci karo da yayyafi, ko hazo, ko iska mai tare gaba a daidai gaɓa. Sai su zube a wuri na farko da suka samu. A irin wannan safiya za ka tarar da ɗan kurmin da jiya babu komai cikinsa yana motsi ta ko'ina. Na sha tsayawa taku biyu daga ɗan tsuntsun da bai kai nauyin giram 10 ba, ya kumbura gashinsa, fiffike a sake, yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya yana tsintar ƙwari, ko kallona bai yi ba saboda yunwa. A gabashin Ingila har yau ana ba da labarin farkon Satumban 1965, lokacin da irin wannan zubowa ta cika gaɓar Suffolk, tsuntsaye har kan tituna da cikin lambunan gidaje.

Wace iska ce ke kawo su ya danganta da inda gaɓarka ta fuskanta. A gabashin Amurka, iskar arewa maso yamma da ke biyo bayan wucewar hadarin sanyi ita ke tura tsuntsaye zuwa bakin Atlantika, shi ya sa 'yan Cape May ke zuba mata ido. A gabashin Birtaniya iskar gabas ake roƙo, mai ɗan yayyafi, domin ita ke kawo na Sikandinebiya har da na Saiberiya. Ƙa'idar dai guda ce: ka tambayi kanka ta ina tsuntsayen ke bi, kuma wace iska ce za ta ture su daga hanyarsu zuwa inda kake tsaye. Sa'o'i biyu zuwa uku na farkon safiya su ne naka. Ka nemi bishiyoyi da ciyayi na farko daga bakin ruwa, musamman gefen da iska ba ta bugu kuma rana ta fara haskawa, don nan ƙwari ke fara motsi. Akwai kuma masu tafiyar rana, kamar tsattsewa da ƙananan masu cin tsaba, waɗanda za ka ga suna bin gaɓa garke-garke da sassafe. Su ma in iska na bayansu sama suke yi sosai. 'Yar iska mai tare gaba ce ke sa su yi ƙasa har ka ji kukansu.

Yanzu ga waɗanda nake ganin ya kamata ka fara da su, wato tsuntsayen taɓo, masu dogayen ƙafafu da dogon baki. Dalilina shi ne su kaɗai ne za ka iya yin alƙawari da su. Ba sa buƙatar wata iska ta musamman, suna zama a fili ba cikin ganye ba, kuma suna yin kwanaki ko makonni a wuri guda suna kiwo. Agogonsu shi ne cikar teku da janyewarta. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika kusan sa'a 12 da minti 25, don haka kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. In ruwa ya janye, taɓo na iya buɗewa na tsawon kilomitoci, tsuntsayen su bazu can nesa inda ko babban madubi ba zai taimake ka ba. In ruwa ya fara dawowa, shi zai koro maka su. Ka isa kamar sa'a biyu kafin cikar ruwa, ka sami wuri ka zauna rana tana bayanka, ka daina motsi. Da farko ba za ka ga komai ba sai wani layi mai duhu a bakin ruwa. Sannu a hankali layin zai matso, ya rarrabu ya zama tsuntsaye. Ƙananan su ne ke fara tashi, domin ruwa ya kai musu ciki tun manyan na tsaye abinsu. Daga ƙarshe duk su taru a ɗan tudun da ruwa bai rufe ba, a cunkushe, kowa ya fuskanci iska, da yawa a kan ƙafa ɗaya baki cikin gashin baya. Cika mafi girma tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, kuma ita ta fi matso da su kusa. Jadawalin cikar teku na kowace tashar jirgin ruwa yana intanet kyauta. A tekunan da ruwa ba ya hawa da sauka sosai, kamar Bahar Rum, sai ka koma ga tafkunan gishiri da fadamun bayan gaɓa.

Kada ka fara da ƙoƙarin sanin sunan kowanne, za ka sha wahala, domin a kaka yawancinsu sun zubar da kayan adonsu na lokacin aure sun koma toka-toka. Ka fara da baki da yadda ake cin abinci. Wani gajeren baki gare shi da manyan idanu, yakan ruga, ya tsaya cak, ya duƙa ya ɗauka: da ido yake farauta. Wani kansa a ƙasa yake kullum yana caccaka taɓo ba tsayawa: da baki yake lalube. Wani bakinsa ya lanƙwasa ƙasa, yana zura shi har gindi cikin ramin ƙaguwa ko tsutsa. Akwai wani ɗan fari da ke bin igiyar ruwa a guje in ta koma, ya juyo a guje in ta dawo, shi kam ko a rairayin da ka je ana samunsa in mutane ba su yi yawa ba. In ka iya raba su gida-gida haka, littafin gane tsuntsaye zai fara yi maka amfani.

Wani abin da zai buɗe maka ido shi ne shekaru. A yawancin tsuntsayen taɓo iyaye ne ke fara barin wurin haihuwa a can yankin ƙanƙara, tun Yuli da farkon Agusta, su bar 'ya'yan a baya. 'Ya'yan sai bayan makonni suke tasowa, ba jagora, ba wanda ya taɓa nuna musu hanya. Saboda haka a Satumba yawancin abin da ke gabanka 'yan bana ne. Ana gane su da sabon gashi: kowane gashin baya da ɗan farin baki ko ruwan ƙasa a gefensa, a jere tsaf. Babba kuwa gashinsa ya sha tafiya, ya koɗe, ya cinye a gefe, sabo da tsoho a gauraye. Kuma da yake 'yan bana ba su da gogewa, su ne suka fi ɓata hanya. Tsuntsayen Amurka masu ɓatan hanya da ake tsinta a tsibiran Scilly na Ingila ko a tsibirin Corvo na Azores da ke tsakiyar Atlantika a watan Oktoba, bayan guguwar yamma, kusan duk ƙanana ne. Dinya da gauraka na ƙasashen arewa ba haka suke ba, su da iyayensu suke tafiya.

Na huɗu su ne tsuntsayen tsakiyar teku, waɗanda ba sa taka ƙasa sai lokacin ƙwai. Waɗannan sai iska mai ƙarfi ta buso daga teku zuwa tudu take matso da su. Kallonsu aikin masu haƙuri ne: ka sami tsinin dutse mai ɗan tsayi, ka fake daga iska, ka kafa madubi a wuri guda ka bar su su ratsa ta ciki. Cap Gris-Nez a Faransa da tsinin Dakar a Senegal sun yi suna a wannan, na Dakar musamman a Oktoba. Ban ba ka shawarar farawa da shi ba. Tsuntsun zai bayyana daƙiƙa uku ya ɓace bayan igiya, na kusa da kai ya faɗi sunansa, kai ko ganinsa ba ka yi ba. In ka samu zama kusa da gwanaye, ka lura da yadda suke kwatance da fuskar agogo: gabanka sak ƙarfe sha biyu ne, sai a ce "ƙarfe biyu, ƙasa da layin sama, yana yin hagu."

Akwai maganar da ba na sassautawa a kanta, ita ce tayar da tsuntsaye. Wanda kake gani yana barci a kan tudu lokacin cikar ruwa ba hutun banza yake ba. Kitse shi ne man tafiyarsa, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wasu ƙananan tsuntsaye sukan kusan ninka nauyinsu kafin su ƙetare teku ko Sahara. Tsuntsun taɓon nan da ake kira godwit mai zanen jela har kayan cikinsa ke ƙanƙancewa kafin ya tashi, don rage kaya. A Oktoban 2022 wani ɗan bana daga cikinsu, wanda aka maƙala wa na'urar bibiya, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya a Ostireliya: kusan kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha. Duk lokacin da mutum, ko kare, ko ɗan jirgin ɗaukar hoto ya tayar da garke, an ƙona wani abu daga wannan guziri. Alamar ba ta da wuyar ganewa. In suka daina ci, suka ɗaga kai, suka fara takawa suna nisantarka, ka riga ka wuce iyaka, ka ja da baya. Masu neman hoto sun fi kowa wannan laifi, kuma hoton garke a sama da aka samu ta hanyar korarsa ba abin alfahari ba ne.

Wuraren sauka kuma ba su da yawa. A hanyar gabashin Atlantika, tekun Wadden da ke gaɓar Holan, Jamus da Denmak na karɓar tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 a shekara, sannan da yawa su zarce Banc d'Arguin a Muritaniya, inda kusan miliyan 2 ke cin lokacin sanyi, wasu su wuce tsibiran Bijagos na Gini Bisau har Afirka ta Kudu. In zango ɗaya ya lalace, duk hanyar ta ji a jikinta. An ga haka a Koriya ta Kudu bayan an rufe katangar teku ta Saemangeum mai tsawon kusan kilomita 33 a 2006, taɓon da dubban tsuntsaye ke dogara da shi ya bushe, adadin wasu jinsuna ya faɗi warwas.

Ka kula da kanka ma. A shimfiɗaɗɗen taɓo ruwa ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba, yakan bi ƙananan kwazazzabai ya zagayo ta bayan mutum ya yanke masa hanya, kuma a wasu wurare ya fi mai tafiya sauri. Kada ka shiga taɓo don ka matsa kusa. Ka tsaya a tudu.

Batun madubi kuwa, wanda ka saya ya isa, in dai irin 8x42 ne ko 10x42. Lambar farko ita ce yawan kusantarwa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Wanda ya wuce 10 hannu ba ya riƙe shi ba tare da rawa ba, balle a iskar gaɓa. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani ƙwarai ga tsuntsayen taɓo da na tsakiyar teku, amma kada ka yi gaggawar saye. Ka yi kaka guda da ƙaramin tukuna, ka leƙa na mutane in sun ba ka, yawancinsu ba sa rowa. In ka tashi saye, kada ka zuba duk kuɗin a madubin ka sayi ƙafafu marasa ƙarfi, domin madubi mai tsada a kan ƙafa mai rawa bai fi na arha ba. Da tsakar rana ma kawalwalniya kan narkar da komai a nesa, ko wane irin gilashi ne. Gishiri da yashin teku na karce gilashi, don haka ka hure su tukuna kafin ka goge.

Ka riƙe ɗan littafi ka rubuta kwanan wata, sa'a, inda iska ta fito, matsayin ruwa, da abin da ka gani, har da ranar da ba ka ga komai ba. Bayan kaka biyu littafin zai fara gaya maka wace iska ce ke yi wa wurinka aiki, abin da babu wanda zai iya gaya maka daga nesa. Wajen ƙirga garke, ƙirga goma, ka ga girman gurbin da suka ci, ka auna sauran da shi, in sun yi yawa ka koma ɗari-ɗari. Kusan kowa ragewa yake yi ba ƙarawa ba. Kana iya saka bayananka a eBird, shafin intanet na tara bayanan tsuntsaye wanda aka buɗe a 2002, ko ka duba shafin Trektellen ka ga abin da masu ƙirga suka gani jiya a tashoshin da ke arewa da kai, domin abin da ya wuce su yana hanyar zuwa gare ka.

Sannan ka riƙa duba ƙafafu. Tun 1899, lokacin da wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba, da haka aka gano yawancin hanyoyin nan. Yanzu ana ƙara zobba masu launi da 'yan tutoci masu haruffa da ake karantawa daga nesa ba sai an kama tsuntsun ba. In ka ga irin wannan, rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban ta dama daban, ka nuna wanne ke sama da gwiwa wanne ke ƙasa, da haruffan in sun karantu. Ka aika wa hukumar sa zobe ta ƙasar da kake, ko masu aikin da suka sa shi. Galibi sukan maido maka da tarihin tsuntsun: inda aka sa masa zoben, shekarar, da duk wuraren da aka taɓa ganinsa kafin ya iso gabanka.